Turken Duƙusai a Niyumaket

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Kambirij bai yi fiye da minti ashirin da 'yan kai ba ya sauke ni a Niyumaket, a wata 'yar tasha mai dandamali guda wadda babu ko ma'aikaci ɗaya da mutum zai tambaya hanya. Ƙarshen watan Nuwamba ne, gari bai gama wayewa ba duk da cewa ƙarfe bakwai ta gota, kuma irin sanyin da ya tarbe ni ya sa na gane cewa hunturun da muke kuka da shi a Gumel wasan yara ne. Ziyarar ɗana da ke karatu ce ta kai ni Ingila, shi ne kuma ya ce mini, "Baba, in ka koma gida ba ka ga kasuwar dawakin Niyumaket ba, an yi zuwan banza," domin ya san irin gidan da na fito.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da doki ya ciyar da mu. Yakan je kasuwar Maigatari ran Alhamis ya sayo duƙushi ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda ake gangarowa da su daga wajen Damagaram, ramammu, gashi a tashe, ya ɗaure su a turke a bayan gida. Daga nan sai harawa da dusa da gero da kanwa, sai wanka da kilisa safe da yamma, har shekara ta zagayo a matso gab da Salla, lokacin da hakimai da dagatai ke neman abin hawa. Ni ne mai kwashe kashi da ɗebo ruwa, kuma gudun wannan wahalar na daga cikin abin da ya sa na riƙe boko da hannu biyu. Ban taɓa kawowa a raina cewa sana'ar da na guje wa ita ce zan tarar ana yi a Turai da miliyoyin fam ba.

Da yake ba a fara gwanjo sai hantsi, sai na taka zuwa tudun Warren Hill a gefen gari, inda ake fitar da dawakin tsere motsa jiki. Ayari-ayari suke fitowa daga barga a jere, kowanne da mayafi a gadon baya, tururi na fita daga hancinsu, su haura tudun a guje su sauko a hankali. Dawaki wajen 3,000 ake horarwa a wannan ɗan gari, an yi musu hanyoyinsu daban da na motoci, kuma a mararraba an kafa maɓallin tsayar da motoci can sama daidai hannun mahayi. Tun zamanin Sarki Charles na Biyu, a ƙarni na 17, garin ya zama na doki, har gobe kuma mai mota ne ke jira.

Kasuwar kanta ta kamfanin Tattersalls ce, wanda Richard Tattersall ya kafa a Landan a 1766, kuma harabarta, Park Paddocks, ba ta da nisa da tasha. Ba a karɓar kuɗin shiga, ba a kuma tambayi ko ni wane ne ba. Abu na farko da ya ba ni dariya shi ne kuɗin da ake ciniki da shi. Ba da fam ake tayi ba, da gini ake yi, wato fam ɗaya da sule ɗaya, lissafin da na ɗauka an binne shi tun da naira ta zo a 1973. Sunan ya samo asali ne daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma, inda aka riƙa samo zinariyar da aka fara buga kuɗin da ita a 1663. Mai saye yana biyan gini, mai doki yana karɓar fam, sulen da ke tsakani kuwa shi ne la'adar masu kasuwa.

Makon duƙusai ne, wato waɗanda aka haifa a shekarar aka kuma yaye su daga nono, su wajen dubu, kowanne da lamba manne a ƙugunsa. A gaban kowane jerin barga akwai fili inda ake fito da duƙushi duk sa'ad da wani ya nema, a tsayar da shi, a yi tafiya da shi gaba a dawo, sannan a mayar. Na tsaya a wani lungu ina kallo, ban san cewa jikina ya koma irin tsayuwar mahaifina ba: in fara duban kofato kafin fuska, in kuma zagaya in tsaya a bayan dabba in ga yadda take sauke ƙafa idan ta ba ni baya. Wani dattijo ɗan ƙasar Ayalan, gajere, mai jan fuska da tsohuwar hula, ya lura da ni, ya matso ya ce duk wanda ya fara da ƙafa ba yawon buɗe ido ya zo ba. Da na ba shi labarin Maigatari da turken bayan gidanmu, ya yi dariya har da tari, ya ce ashe ɗan gida ne, domin shi ma abin da yake yi ke nan shekara talatin da wani abu. Daga nan ya ce in bi shi, ni kuwa na bi shi wuni guda, shi da 'yarsa wadda ke riƙe da kundin gwanjo tana rubuta duk abin da ya faɗa da wasu alamomi da su biyu kaɗai suka sani.

Sana'ar, kamar yadda ya warware mini ita muna tafe, hawa biyu ce. Akwai masu sayen duƙushi a Nuwamba su kai gona su riƙe shi wata goma ko sha ɗaya, su dawo da shi gwanjon Oktoba yana ɗan shekara guda, kuma cikinsu yake. Akwai kuma masu sayen ɗan shekara guda a Oktoba, su sa masa linzami da sirdi, su koya masa gudu cikin hunturu, su kawo shi gwanjon Afrilu, inda ake sa kowane doki ya yi sukuwar kimanin mita 400 shi kaɗai a filin Rowley Mile, masu saye na tsaye da agogo a hannu. Dukkansu babu mai niyyar ganin dokinsa a fagen tsere da sunansa. Kiwon turke ne tsantsa, irin na matar da ke sayen ɗan rago bayan Babbar Salla ta tsare shi da dusa sai wata Layyar, sai dai akwai bambanci guda wanda na daɗe ina juya shi a raina. Mai sayen ragon Layya yana ɗaga wutsiya ya taɓa gadon baya ya san abin da ya saya, domin nama ba ya ɓuya. A nan kuwa abin da ake saya shi ne gudu, gudun kuma babu wanda ya taɓa ganinsa, domin dokin bai isa shiga tsere ba sai ya shekara biyu. Cinikin biri a sama ne, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, kuma a kan haka aka gina kasuwar gaba ɗaya.

Saboda haka ne takarda ke da ƙarfin da ban taɓa ganin irinsa ba. Kowane duƙushi yana da shafi guda a kundin, an jera ubansa da uwarsa da kakanninsa, da abin da uwar ta haifa a baya, da abin da kowannensu ya ci a tsere. Wanda ya yi nasara a manyan gasa ana buga sunansa da baƙin rubutu mai kauri, don haka gogaggen mai saye yana iya hango darajar shafi daga nesa tun bai karanta ba, kamar yadda ake hango arzikin gona daga duhun ganyenta. Wannan rajista ta asali ta faro ne tun 1791, kuma duk dokin tseren irin nan, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, ga ɗayan ingarmu uku take tuƙewa, waɗanda aka shigo da su Ingila daga ƙasashen gabas, ciki har da wanda aka sayo a Halab a 1704. Mu ma muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mahaifina bai taɓa sanin uban dokin da ya saya ba, iyakarsa abin da dillali ya rantse a kai da abin da idonsa ya gani. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta ɗaure mini kai da farko: duk dokin tseren da aka haifa a wannan sashe na duniya, ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, ko da a watan Mayu aka haife shi. Ke nan haihuwar Fabrairu ya ba haihuwar Mayu ratar wata uku na girma, alhali a aji ɗaya za a sa su, shi ya sa ranar haihuwa ke cikin abubuwan da dattijon ke fara dubawa.

Na tambaye shi ko zai taya 'ya'yan Frankel, dokin da ya yi tsere 14 bai faɗi ko ɗaya ba, wanda ke zaune a wata gona kusa da garin. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko zai sayi fadar Sarkin Ingila. Kuɗin barbarar Frankel kaɗai ya kai fam 350,000 a 2024, haka ma na Dubawi, ingarman gidan Sheikh Mohammed na Dubai, don haka linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Farautar irin dattijon a wani dajin take, wajen sababbin ingarmu waɗanda 'ya'yansu na fari ba su fara tsere ba tukuna. Idan mutum ya sayi ɗan irin wannan ingarma da araha a Nuwamba, sai yayyensa suka shiga fage da bazara suka yi ta cin tsere, to kafin Oktoba kowa na neman jinin, farashi ya ninka ba tare da ka ƙara ko ƙwayar hatsi ba. Ya kawo misalin Havana Grey, wanda kuɗin barbararsa fam 6,000 ne a 2022, shekarar da 'ya'yansa na fari suka fito suka ba kowa mamaki, amma zuwa 2024 ya kai fam 55,000. Waɗanda suka riƙe 'ya'yansa a daidai wannan gaɓa sun kwashi rabonsu. Idan kuwa yayyen suka fito suka yi ta zuwa a baya, kasuwa takan juya wa ingarman baya cikin wata uku, kai kuma kana nan da ɗansa a turke yana cin abinci.

Wajen azahar muka sami saɓani, ni da shi, kuma a nan ne na fahimci sana'ar fiye da duk bayanin da ya yi mini. An fito mana da wani bikili mai faɗin ƙirji, gajeren gadon baya, kofato baƙi mai tauri, ido a natse, irin dokin da mahaifina zai sayar da akuyoyin gida don ya mallaka. Na ce masa ga doki. Ya yarda cewa ƙirarsa ba ta da makusa, har ya ce mai yiwuwa shi ne zai fi duk na layin daɗewa yana aiki. Amma ko alama 'yarsa ba ta sa a shafin ba. Ya ce uban ya tsufa, kasuwa ta gaji da shi, haihuwar Mayu ne, kuma tafiyarsa gajera ce. "Ba ni zan hau ba," in ji shi. "Ba dokin da nake so nake saye ba, dokin da wani zai so a watan Oktoba nake saye, shi ma wanin sau da yawa ba don kansa yake so ba, yana hangen abin da maigidansa zai so ne." Wanda ya sa wa alama wani siriri ne mai dogayen ƙafafu, wanda a idona bai cika ba, amma idan yana tafiya ƙafar bayansa na wuce sawun ta gaba da kusan taƙi guda, kafaɗarsa na motsi kamar ta damisa. Wannan doguwar tafiya ita ce abin da masu kuɗi ke biya, domin ita kaɗai ce inuwar gudun da ake iya gani a dabbar da ba a taɓa hawa ba.

Kafin ya yanke shawara sai da ya kira likitan dabbobi, wanda ya zura wani siririn bututu mai kyamara ta hancin duƙushin ya duba maƙogwaro, domin dokin da iska ba ta wuce masa sosai ba zai yi gudu mai nisa ba, ya kuma lalluba gwiwoyi da idon sawu ɗaya bayan ɗaya. Na tuna yadda mahaifina ke sa yaro ya yi sukuwa da doki ya dawo, shi kuma ya kara kunnensa a wuyan dabbar yana sauraro. Tambaya ɗaya ce suke yi, kayan aiki ne suka bambanta.

Zauren gwanjon kewayayye ne, kujeru hawa-hawa, a tsakiya an shimfiɗa abin taushi inda ake zagayawa da duƙushi, mai gwanjo kuma yana can sama da 'yar gudumarsa yana zuba magana kamar maroƙi ya ga sarki. A bango akwai allo da ke nuna tayi da gini, a ƙarƙashi kuma yana juya shi zuwa dala da yuro da wasu kuɗaɗen. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ban ga mai tayi ba. Babu mai ɗaga murya, babu mai cewa albarka, babu dillalin da ke jan hannun mutum gefe. Wani ƙifta ido yake yi, wani ya ɗan ɗaga kundinsa, wani ya gyaɗa kai daga bayan ginshiƙi don kada abokan hamayya su san shi ne, ma'aikata masu kaifin ido kuma suna tsaye suna tsinto su. Cikin minti biyu an gama da doki an shigo da wani. Dattijon ya raɗa mini cewa ba duk tayin da nake ji ne na masu saye ba, domin ƙa'idar kasuwa ta yarda mai doki ya ƙayyade farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, ta kuma yarda ya taya abinsa. Nan take karatun zaure ya dawo mini, inda aka koya mana cewa cinikin gwanjo halal ne amma an hana najash, wato mutum ya yi tayi ba don zai saya ba sai don ya tunzura wani. Na faɗa masa haka. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce a nan kowa ya san da dokar tun kafin ya shigo, kuma rabin gwanintar mai saye ita ce gane lokacin da shi kaɗai ya rage yana tayi da iska. Ban gamsu gaba ɗaya ba, ban kuma ja maganar ba, tun da baƙo nake.

Sau biyu ya shiga tayi aka fi ƙarfinsa, ya rufe kundi ba tare da fuskarsa ta canza ba. Ya ce wanda ya wuce iyakar da ya yanka wa kansa saboda zuciya, tun a ranar saye ya yi asara, domin ribar wannan sana'a a wajen saye ake cinta. Rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, na nemi wani lungu a bayan barga na yi salla a kan kwalin abincin dawaki, na dawo na tarar siririn nan ya shigo zaure. An fara da gini dubu goma, aka yi ta hawa, dattijon bai motsa ba sai da tayi ya fara tsayawa, sannan ya ɗaga yatsa sau uku. Guduma ta sauka a kan gini 38,000, wato fam 39,900. Wani matashi ya kawo takarda ya sa hannu. Na ce masa Allah ya sa albarka, ya sa a ci riba, na kuma fassara masa, ya ce yana buƙatar addu'ar ko da wane harshe ce, domin kuɗin ba nasa ne shi kaɗai ba, su huɗu ne suka haɗa, ciki har da mai sayar masa da ciyawa.

Da dare muna shan shayi ya ba ni labarai biyu waɗanda duk ɗan wannan sana'a ya haddace. Na farko na wani doki ne a Amurka mai suna The Green Monkey, wanda wasu 'yan turke biyu na Fulorida suka saya dala 425,000 a 2005. A farkon 2006 ya yi sukuwar gwaji ta kimanin mita 200 cikin ƙasa da daƙiƙa goma, manyan gidaje biyu suka kafa masa kai, aka sayar da shi dala miliyan 16. Sau uku ya shiga tsere, bai ci ko ɗaya ba. Na ce masa ai Bahaushe ya riga ya faɗa, doki ɗaya a fage gudu gare shi, ya sa 'yarsa ta rubuta maganar a bangon kundi. Labari na biyu ya fi taɓa shi, domin a wannan harabar ya faru. Vandeek, ɗan Havana Grey, an saye shi yana duƙushi gini 52,000, wanda ya saya ya riƙe shi shekara guda ya sayar gini 42,000, wato ya faɗi. Wanda ya karɓa daga hannunsa ya horar da shi 'yan watanni kacal ya sayar gini 625,000 a Afrilun 2023, dokin kuma ya je ya ci manyan tsere biyu a shekarar, ɗaya a Faransa ɗaya a nan Niyumaket. Dattijon ya ce shi ba na biyun yake tunawa ba idan ya kwanta, na farkon yake tunawa, domin idonsa bai yi kuskure ba, ya ga dokin tun kowa bai gani ba, lokaci ne kawai bai zo daidai da shi ba.

Allah ya sa da rabon in ga ƙarshen lamarin, domin a watan Oktoba na gaba an yi wa ɗana haihuwa na koma suna, kuma ya dace da mako na biyu na gwanjon 'yan shekara guda. Makon farko na manya ne, inda aka taɓa sayar da wata 'yar wani shahararren ingarma mai suna Galileo gini miliyan 5 a 2013, amma irin su dattijon a mako na biyu suke baje kolinsu. Da na isa layin bargarsa ban gane dokin ba. Siririn nan ya zama santalelen saurayi, gashi na sheƙi kamar an shafa masa man shanu, geza a daidaice, kofato a goge. 'Yar ta ba ni labarin abin da aka sha kafin a kai haka: rani guda yana kiwo a fili, sannan mako goma na ƙarshe ana tafiya da shi a hannu kullum har ƙafafunta suka yi kanta, ana koya masa tsayuwa da karɓar linzami, ana rufe shi da rana don kada gashinsa ya ƙone, mai gyaran kofato kuma na zuwa a kai a kai yana daidaita ƙafar hagu da ta so ta karkace. Na ce mata ni ma na yi wannan bautar, bambancin kawai ni da guga nake zuwa rijiya.

Sai dai fuskar uban ba ta yi daidai da ƙyallin dokin ba. Yayyen dokin ta wajen uba, waɗanda aka sa wa rai, sun shiga fage da bazara, ba su yi abin kunya ba, ba su kuma yi abin a-zo-a-gani ba, kasuwa kuwa ba ta da haƙuri da tsaka-tsaki. Bayan haka hoton ƙashin da aka ɗauka kafin gwanjo ya nuna wani ɗan tabo a gwiwar baya, wanda likitansa ya ce ba zai hana gudu ba, amma likitan mai saye ba a biyansa don ya ce mai yiwuwa. Dattijon ya nuna mini katin da suke rubuta duk wanda ya zo kallo. Mutane da yawa sun gani sau ɗaya, kaɗan ne suka dawo, biyu kacal suka turo likita, kuma da wannan lissafi ya riga ya san abin da zai tarar a zaure. Duƙusai huɗu ƙungiyarsu ta saya a bara. Ɗaya ta yanke ƙafa a shingen gona ba ta zo ba sam, ɗaya an fitar da shi zaure ba a kai farashinsa ba, ɗaya kuwa, wata 'yar ƙaramar goɗiya da suka saya da arha, yayarta ta ci wani babban tsere a watan Agusta, shafinta ya yi baƙi, ta ninka kuɗinta sau huɗu. Ita ce ta ɗauki nauyin sauran.

Namu ya shiga da yamma. Na tsaya kusa da dattijon a bakin ƙofar da dawaki ke shiga, ina jin yadda yake numfashi. Tayi ya tashi da sauri har gini dubu talatin, sannan ya fara ja da ƙafa, mai gwanjo na roƙo yana ambaton tafiyar dokin, yana cewa a dube shi da kyau. A gini 42,000 ya tsaya. Mai gwanjo ya waiwayo wajenmu, dattijon ya gyaɗa kai alamar ya sallama, guduma ta sauka. A takarda an sami ƙarin gini dubu huɗu, kuma haka za a buga a sakamakon kasuwa, wanda bai sani ba ya ce an ci riba. Amma shi fam 39,900 ya biya, abin da zai shigo hannunsa kuma bai wuce fam 42,000 ba, sannan ga abinci da likita da inshora da kuɗin shiga gwanjo da jigilar jirgin ruwa zuwa Ayalan da dawowa, waɗanda ya ƙiyasta mini sun haura fam dubu goma sha biyu. Na tambaye shi me ya sa bai mayar da shi gida ba. Ya ce gida babu abin da ke jiransa sai wani lissafin abincin, kuma shi ba mai horarwa ba ne.

Wanda ya saya ya zo barga bayan rabin sa'a, wani matashi mai gemu, shi ma ɗan Ayalan, ya tsuguna ya shafa gwiwar da ake magana a kanta, ya miƙe ya ce ya ga abin da ya fi wannan ya warke. Ashe ɗan hawa na biyu ne, zai sa masa sirdi kafin ƙarshen wata, ya dawo da shi nan a Afrilu a gwada shi da agogo. 'Yar dattijon ta faɗa masa irin abincin da dokin ya saba da shi, da cewa ba ya son a taɓa masa kunnen dama, sannan ta shiga cikin bargar ta daɗe ba ta fito ba. Uban kuwa ya raka ni har bakin hanyar tasha, kuma a aljihun kwat ɗinsa na hango jerin duƙusan da za a yi gwanjonsu a kasuwar Goffs ta Kildare, can Ayalan, a watan Nuwamba, ya riga ya ja layi a ƙarƙashin wasu. Ya tambaye ni ko zan zo in duba masa ƙafafu. Na ce masa bizata ba za ta kai ba, kuma gero na jirana a gona.